Wanke Lagireto Da Kiyaye Lafiyar Injin Mota

Duk wanda ya saba da doguwar tafiya, ko tsakanin Kumasi da Tamale, ko daga Jidda zuwa tsaunukan Ɗa'ifa, ba zai rasa ganin mota tsaye a gefen hanya an ɗage mata murfi, tururi yana tashi, fasinjoji sun yi cirko-cirko a rana ba. Galibi ba wata babbar cuta ce ta kawo haka ba, illa dattin da aka bari ya taru a cikin lagireto shekara da shekaru.

Shi dai inji, wuta ce ke ci a cikinsa. Daga cikin ƙarfin da man fetur ke bayarwa, wajen sulusi ne kaɗai ke juya ƙafafun mota. Wajen sulusi yana fita ta salansa, sauran kuwa zafi ne wanda tilas ruwa ya kwashe shi. Famfo ne ke tura ruwan ta cikin hanyoyin da aka yi a jikin injin, ya ɗebo zafin ya kai lagireto, inda yake bi ta ƙananan bututu masu yawa, iska tana busa su. Irin wannan lagireto mai kama da saƙar zuma, Bajamushen nan Wilhelm Maybach ne ya sa shi a motar Mercedes ta 1901. A da ana yin sa da tagulla, amma yawancin na yanzu da alminiyam da roba ake ƙera su.

Abokan gabansa uku ne. Na farko tsatsa, wadda ke fitowa daga ƙarfen injin. Na biyu allin da ke cikin ruwan rijiya ko na burtsatse, wanda ke daskarewa a bututun kamar yadda yake yi a gindin butar shayi. Na uku kuwa daga waje yake, watau ƙura da ƙwari da ƙaiƙayi masu toshe hanyar iska. Alamun su ne ruwan ya rine ya koma ja, kibiyar ma'aunin zafi ta riƙa hawa a kan tudu ko cikin cunkoso, na'urar ɗumama ɗaki kuma ta daina ba da zafi.

Sharaɗin farko shi ne kada a kuskura a buɗe murfin lagireto sai inji ya huce sarai. Dalili kuwa, an yi murfin ne don ya matse ruwan, ta yadda ba zai tafasa a digiri 100 ba sai wajen digiri 120. Da an buɗe shi da zafi, nan take ruwan zai tafasa ya yi tsartuwa a fuska da hannu.

Bayan ya huce, sai a mai da maɓallin ɗumama ɗaki wajen zafi, domin ruwan da ke can ma ya samu fita. A tara daro a ƙasa, a kwance mabuɗin da ke gindin lagireton, ko a zare tiyon ƙasa, a bar tsohon ruwan ya tsiyaye. Sa'an nan a rufe, a cika da ruwa mai tsabta tare da maganin wanki da aka yi musamman domin wannan aiki, a ta da inji ya yi kamar minti 15, ko gwargwadon abin da aka rubuta a jikin kwalbar. A kashe, a jira ya sake hucewa, a zubar. In dattin ya yi kanta, sai a zare tiyo biyun, a tura ruwan famfo daga ƙasa ya fito ta sama, watau akasin yadda ya saba bi, har sai ya fito garau. Ƙurar waje kuma a wanke ta a hankali daga ɓangaren inji, don kada a lanƙwasa siraran ganyen ƙarfen.

Abin da za a mayar ciki shi ne rabin aikin. Ana gauraya ruwan da aka tace, irin wanda ake zuba wa batir, da maganin sanyaya inji, rabi da rabi. Wannan haɗi ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifiri, abin da ya zama wajibi ga mazauna Ingila da arewacin Amurka, domin ruwa idan ya zama ƙanƙara yana kumbura har ya tsaga inji. Amma kuskure ne mazaunin Hartum ko Njamena ya ɗauka babu ruwansa da shi, gama maganin ne ke hana tsatsa, yana kuma jinkirta tafasa. A bi irin wanda littafin motar ya ambata, kada a cakuɗa iri biyu. Bayan an cika, a bar inji yana aiki murfi a buɗe har kumfar iska ta ƙare, a rufe, kashegari da safe a sake dubawa a ƙara.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a kiyaye. Tsohon ruwan guba ne, ga shi kuma da ɗan zaƙi. Yaro ko dabba in suka sha, yana lalata ƙoda. Saboda haka a zuba shi a jarka a rufe, a kai inda ake karɓar irinsa, kada a malalar a kwata. Har wa yau, al'adar cire tamostat da wasu makanikai ke yi a ƙasashe masu zafi ba gyara ba ce; ɓoye cutar ne kawai, ga ƙarin shan mai.

Tsohon nau'in maganin ana sake shi duk shekara biyu, na zamani kuwa yakan kai biyar. Amma idan aka ga man inji ya koma kamar madara, ko ruwa yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba, to lamarin ya wuce wanki: mai yiwuwa gaskit ɗin kan inji ne ya ƙone, sai a nufi makaniki tun ɓarnar ba ta kai ga sayen wani inji ba.