Ba baƙin albasa ne abin tsoro ba, maganin ɗigawar ne

Wani saƙo ya zagaya zaurukan WhatsApp na danginmu da na 'yan unguwa a farkon kakar nan, har da muryar wani da aka ce "babban likita ne daga Indiya". Ba suna, ba asibiti, sai dai umarnin a tura wa mutum goma don Allah. Wanda ya fara haɗa shi ya tsinto gaskiya kaɗan, ya dama da ƙarya mai yawa, ya saki, kuma ba shi ne zai kwana a asibitin ido ba.

Bari in sallami ƙananan maganganun saƙon tukuna. Baƙin garin da ke ƙarƙashin ɓawon albasa ba shi ya jawo cutar funfuna da ta addabi Indiya a 2021 ba. Na albasa sunansa Aspergillus niger. Waccan wata funfuna ce daban, kuma ta fi kama masu ciwon suga da aka yi wa maganin korona da sitiroyid. Albasar kuwa a ɓare, a wanke, in ta ruɓe a yar. Burtuntunar dawa ba ta bin mutum daga hannu zuwa hannu, a Meziko ma ta masara dafa ta ake yi a ci. Maganar gyaɗa da masara masu funfuna kuwa gaskiya ce: dafinsu na lalata hanta, suya ba ta kawar da shi, kuma a Kenya a 2004 ya kashe mutum 125.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne sakin layi na ƙarshe na saƙon. Ya ce in kara ko ganyen dawa ya tsone maka ido wajen girbi, kada ka ɓata kuɗin mota, ka je kemis a ba ka maganin ɗigawa "mai kashe ja", ko ka ɗiga ruwan suga ko nonon mai shayarwa. Wannan shawara na iya makantar da mutum.

Funfunar Fusarium, wadda ke toshe jijiyoyin tumatir har ya yanƙwane a gona, da 'yar uwarta Aspergillus, suna zaune a ƙasa da jikin kara da ƙaiƙayi. Lafiyayyen ido ba ya ba su hanya. Amma da zarar ganye ya kankare saman baƙin ido, ko da ɗan ƙarce ne wanda ba a gani, ƙofa ta buɗe. Kuma ba su da gaggawa. Ranar farko mutum na jin kamar tsakuwa a ido, hawaye na zuba, ya goge da gefen riga ya koma ɗaurin dami. Sai bayan 'yan kwanaki hasken rana ya fara gagarar sa, wani ɗan farin tabo mai gefe kamar gashin kaza ya bayyana a kan baƙin. Gyambo ke nan, ba hakiya ce da ta riga ta warke ba.

To, me ke cikin kwalbar "mai kashe ja"? Sau da yawa akwai sitiroyid, irin su dexamethasone ko betamethasone. Aikinsa danne kumburi, wato danne garkuwar da ido ke yaƙi da ita. Ja ya ragu, zafi ya lafa, mutum ya yi hamdala, alhali funfuna na ƙara nutsewa ciki ba mai tare ta. In ta yi nisa mugunya kan taru a cikin ido, wani lokaci ya huje. Chloramphenicol da ake yawan bayarwa kuwa bakteriya yake kashewa, funfuna ba ta san yana yi ba. Ruwan suga da nono da ruwan ganye kan iya ƙara wa gyambon wasu ƙwayoyin cutar.

Ban ga laifin Inna da ta tura mini saƙon ba. Ta ga mutane sun ɗiga sun ji sauƙi, kuma sun ji ɗin da gaske, domin yawancin ƙarcen ido kan warke da kansa, da magani ko babu. Asibitin ido na da nisa, kaka kuma ba ta jiran kowa. Matsalar ita ce ni da ita da mai kemis, babu wanda zai iya bambance ƙarcen da zai warke da wanda funfuna ta shiga ta hanyar kallo kawai. Ba kowane jan ido bayan girbi ne funfuna ba, amma ba ƙaramin kaso ba ne: binciken da aka yi a Gana ya samu funfuna a fiye da kashi ɗaya cikin uku na gyambunan baƙin ido, kuma wani ƙiyasi na 2021 ya ce tana kama ido sama da miliyan ɗaya kowace shekara a duniya, galibi a ƙasashe masu zafi da noma.

Maganinta yana nan. Likitan ido kan kankaro ɗan abu daga gyambon ya duba a madubin likita, in funfuna ce ya ba da natamycin ko makamancinsa, wanda a farko kusan kowace awa ake ɗigawa, kuma a shafe makonni ana yi. Da wuri yana ceton gani. A makare, wani sa'in sai dai a ceci ƙwayar idon kawai.

Saboda haka in abu ya faɗa ido a gona ko wajen sussuka, a wanke da ruwa mai tsabta da yawa, kada a murza. In an kwana ana jin zafi, ko gani ya dusashe, ko an ga farin tabo, a nufi sashen ido na asibiti mafi kusa a ranar, ko manyan wurare irin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano. A gaya wa likita cewa kara ne ya tsone, kuma in an riga an ɗiga wani abu, a tafi da kwalbar ya gani.