Madarar Gangamau ta Mutanen Indiya: Amfaninta da Abin Tsoronta

A ƙasar Indiya, idan sanyi ya shigo, ko kuwa yaro ya wuni yana tari, abin da iyaye mata suka gada tun kaka da kakanni shi ne su ɗora madara bisa wuta, su barbaɗa mata garin gangamau, wanda waɗansunmu suka fi sani da kurkum, su ba shi ya sha da ɗuminta kafin ya kwanta. Da harshen Hindi suna ce mata haldi dudh. Gangamau kuwa a wurinsu kayan miya ne na kullum, gama su suka fi kowa nomansa a duniya, har garuruwa irin su Erode da Sangli da Nizamabad sun shahara da cinikinsa, kuma ma'abota ilmin ɗibbu nasu na gargajiya, wato Ayurbeda, sun daɗe suna ambatonsa cikin littattafansu.

Haɗa ta ba wuya. A sami madara kofi guda, a zuba rabin ƙaramin cokali na gangamau, da ɗan masoro, da citta, da kirfa ga mai bukata, a bar ta bisa wuta marar ƙarfi kamar minti 10, a sauke a tace, in ta ɗan huce a sa zuma. Idan madarar ɗanya ce daga nonon saniya, wajibi ne ta tafasa sosai. Jaririn da bai cika shekara ba kuwa, ba a ba shi zuma ko kaɗan. Shi masoron nan akwai hikima cikinsa, domin sinadarin da ke ba gangamau launi, wanda masana suke kira kurkumin, hanjin mutum ba ya iya tsotse shi sai ɗan kaɗan, amma wani bincike da aka yi a Bangalore cikin 1998 ya nuna cewa sinadarin masoro yana ninka abin da ke shiga jini har sau 20.

To, wannan abin sha yana ɗumama jiki, yana sanyaya maƙogwaro, kuma madara abinci ce mai gina jiki. Iyakar abin da mai adalci zai tabbatar ke nan. Amma masu cewa tana warkar da ciwon daji ko ciwon sukari, sun faɗi abin da likitoci ba su tabbatar ba, kuma wanda ya ajiye maganin asibiti saboda maganarsu ya zalunci kansa.

Babban abin tsoro, a ganina, shi ne algus. Waɗansu 'yan kasuwa marasa tsoron Allah, da suka lura mai saye ya fi son gari mai ƙyallin rawaya, sai su riƙa goga wa saiwar wani fenti da ake haɗawa da dalma. Kuma a cikin 2019 masana daga Jami'ar Stanford ta Amurka, tare da abokan aikinsu na Bangladesh, suka bayyana cewa sun tarar da wannan ha'inci a gundumomi 7 daga cikin 9 da suka fi noman gangamau a ƙasar ta Bangladesh. Mu da muka ga yadda gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara cikin 2010 ba sai an yi mana dogon sharhi ba. Ita dalma tana taruwa a jiki sannu a hankali, ta dakushe basirar yaro alhali iyayensa suna zaton lafiya suke ba shi.

Sai kuma israfi. Rabin cokali cikin madara abinci ne, amma ƙwayoyin kurkumin da ake sayarwa cikin kwalba al'amarinsu dabam, har hukumomin lafiya na Italiya a 2019, da na Ostireliya a 2023, sun yi gargaɗi bayan an sami masu shansu da ciwon hanta. Mai tsakuwa a matsarmama, da mai shan maganin tsinka jini, da mace mai juna biyu, ya kamata su shawarci likita kafin su mai da madarar gangamau abin sha na kowane dare.

Wanda ya yi niyyar gwadawa, gara ya sayi saiwar ɗanya, ya wanke, ya yayyanka, ya shanya, ya daka da kansa. In kuwa busasshiya ya samu, ya guji wadda bayanta ke sheƙi tana barin rawaya a tafin hannu tun ba a karya ta ba.