Ɗalibanmu a Bakin Teku: Wa Ke Koya Musu Amanar Awo?

A bara wata ɗalibata mai karatun digiri na biyu a fannin halittun ruwa ta shigo ofishina da takarda a hannu. Wani kamfanin ba da shawara kan muhalli da ke Fatakwal ya amince ta je ta yi wata huɗu tana koyon aiki. Ruwa mafi girma da ta taɓa gani kafin nan shi ne tafkin Kainji. Na sa mata hannu cikin murna, ban tambayi wanda zai kula da ita ba, ban kuma nemi a rubuta abin da za a koya mata ba. Sakacina ke nan, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami yau.

Bari in fara da bayanin sana'ar ga mai karatu. A 1988 aka gano sharar guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, cikin jihar Delta ta yanzu. Wannan abin kunya ya farkar da hukuma, har a 1992 aka kafa dokar da ta wajabta tantance illar kowane babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. Mai son gina tashar jiragen ruwa ko shimfiɗa bututun mai sai ya ɗauki masana su auna halin da ruwa da laka da halittun wurin suke ciki, damina da rani, su rubuta rahoto ga Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. Irin waɗannan kamfanoni ne ke ɗaukar da yawa daga cikin masu karatun muhalli aiki.

Gani ya kori ji. A watanni biyu na farko ɗalibata ta koyi abin da ba ni da hanyar koya mata a aji. Ta ga yadda ruwan teku ke cika ya janye sau biyu a kwana ɗaya, ta gane cewa wanda ya makara sai kwalekwalensa ya kafe cikin laka. Ta koyi auna gishiri da iskar shaƙa da ke narke cikin ruwa nan take a wurin, domin kafin a kai kwalba ɗakin gwaji awon ya canja. Ta ɗebo laka daga ƙasan rafi, ta tace da rariya, ta zauna gaban madubin ƙara girma tana ƙirga tsutsotsi da ƙananan dodon koɗi, waɗanda yawansu da ire-irensu ke nuna lafiyar wuri. Ta shiga kurmin mangurof, itatuwan nan masu tsayuwa kan saiwoyinsu cikin ruwan gishiri, inda kifi da jatan lande ke renon 'ya'yansu.

A wata na uku aka zo rubuta rahoto. Sai aka tarar ba a je awon rani a wasu wurare ba, kuɗin tafiya sun ƙare, mai aiki kuma yana matsawa. Wani na gaba da ita ya miƙo mata tsohon rahoton wani rafi dabam, ya ce ta kwafi lambobin ta cike gurbin, ai ruwan duk ɗaya ne. Da dare ta kira ni, murya na rawa: "Malam, idan na ƙi, za su sa mini hannu a takardar kammalawa kuwa?" Na ce kada ta rubuta abin da ba ta auna ba. Amma na san faɗa ta fi sauƙi daga nesa, domin ba ni da wata yarjejeniya da zan kare ta da ita. Ta ƙi. Sauran makonnin ta ƙare su tana jera fayil.

Ba ina cewa duk masu wannan sana'a haka suke ba. Na san masu tsoron Allah a cikinsu. Sai dai tsarin kansa yana da rauni: mai aikin da za a tantance shi ne ke biyan mai tantancewa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ɗalibin da ya shiga irin wannan wuri ba tare da majingina ba, darasin farko da zai ɗauka shi ne lamba abar ciniki ce.

Lambar kuwa rayuwar mutane ce. A 2008 da 2009 mai ya malala a Bodo ta ƙasar Ogoni, ya kashe kurmin mangurof, ya raba masunta da sana'arsu, sai a 2015 kamfanin Shell ya amince da biyan diyyar fam miliyan 55. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2011 ya nuna cewa gyaran ƙasar Ogoni na iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Duk ranar da irin wannan ta faru, hujjar masunci ita ce awon da aka yi kafin ɓarna. Idan awon ƙarya ne, an cuce shi tun kafin mai ya zuba.

Asusun horar da ma'aikata, ITF, ya ƙirƙiro shirin SIWES a 1973, inda ɗalibin digirin farko ke da littafin rubuta aikin kullum da malami mai ziyara. Ɗalibin digiri na biyu ba ya cikin wannan tsari, alhali shi ne ya fi kusa da ranar da zai sa hannu kan rahoto. Shawarata ga makarantun karatun gaba da digiri ita ce kada a sake tura ɗalibi sai da rubutacciyar yarjejeniya: mai kula biyu, ɗaya a jami'a ɗaya a kamfani, littafin awo ya zama mallakar ɗalibi, da alawus ɗin da zai hana shi zama abin tausayi. A kuma ƙulla alaƙa da cibiyar binciken teku ta ƙasa da ke Legas, wadda aka kafa a 1975, da cibiyar nazarin teku ta Jami'ar Kalaba. Ma'aikatar harkokin teku da aka ƙirƙiro a 2023 tana da rawar takawa wajen ɗaukar nauyi.

Wani zai ce ina ruwan ɗan Arewa da teku? Neja da Binuwai da suka ratsa gonakinmu can suke juye abin da suka kwasa. Sannan tun 2022 aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, ga kuma bututun gas daga Ajakuta zuwa Kano. Waɗanda suka koyi awo a bakin teku su ne za su auna rijiyoyinmu da fadamunmu gobe, da halin da suka koyo can.

Ɗalibata ta kare kundinta a watan jiya. Bana wasu biyu sun kawo mini irin takardarta. Na ajiye su a aljihun tebur, na rubuta wa kamfanonin ina neman sunan mai kula da jerin ayyukan da za a koyar. Sai amsa ta zo zan sa hannu.