Shin Ko Kun San? Kwantsa a Idon 'Yar Mage Kan Kai Ga Makanta

Shin ko kun san cewa 'ya'yan mage da ido a rufe ake haifarsu, kuma ba ya buɗewa sai sun kwana 7 zuwa 14? A 'yan kwanakin nan ƙwayar cuta kan shiga ƙarƙashin fatar idon tun yana rufe. Sai ka ga ya kumbura suntum, mugunya na tsattsafowa ta gefe. Kada a ɓamɓare shi da ƙarfi, wannan aikin likitan dabbobi ne.

Shin ko kun san yawancin ciwon idon nan mura ce tushensa? Bairos ɗin da ake kira herpes na kyanwa, wanda aka fara ganowa a Amurka a 1958, shi ne kan gaba. Kimanin 80 cikin 100 na kyanwoyin da suka kamu da shi suna ɗauke da shi har ƙarshen rayuwarsu, ko da sun warke a ido. Wahalar haihuwa da shayarwa kan tayar da shi, don haka sau da yawa uwar ce ke shafa wa 'ya'yanta tana cikin lasarsu. Atishawa da majina kan biyo baya, kuma jaririyar da hancinta ya toshe ba ta jin ƙanshin nono, sai ta daina sha. Abin da ke kashe su da sauri ke nan.

Shin ko kun san ƙurar hunturu tana ƙara dagula lamarin? Duk wanda ya yi Disamba da Janairu a Azare, Gamawa ko garin Katagum ya san yadda hazo ke sa idon mutum ma ya yi ja. To ina ga ɗan mitsitsin idon da aka haifa a bayan rumbu, ko a lungun kicin inda hayaƙin itace ke turnuƙewa? Ƙura kan kawo hawaye garai-garai. In kwantsar ta yi kauri, ta koma ruwan ɗorawa ko kore, cuta ta shiga.

Shin ko kun san maganin mutane yana iya zama ajalin 'yar mage? Farasitamol guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya ta isa ta hallaka ta. Maganin ɗigawa da ake saya a kemis don afolo ma, wani yana ɗauke da sinadarin sitiroyid, wanda in akwai gyambo a baƙin ido sai ya ƙara zurfafa shi har idon ya fashe. Tozali kuwa kada a kusanta shi da ita. A ganina, nan ne masu kyakkyawar niyya suka fi yin ɓarna.

Abin da za a yi a gida kaɗan ne: a tafasa ruwa, a bar shi ya huce ya zama ɗumi-ɗumi, a jiƙa auduga a goge kwantsar a hankali, kowane ido da audugarsa. A canza tsumman da suke kwanciya a kai, a wanke hannu da sabulu. Herpes ɗin kyanwa ba ya kama mutum.

Shin ko kun san Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kiwon kyanwa cikin hanyoyin rage ɓerayen da ke yaɗa zazzaɓin Lassa? Jihar Bauchi kuwa tana cikin jihohin da cutar ta fi addaba a Najeriya. Magen da ke gadin buhunan geronmu da dawarmu tana da haƙƙi a kanmu.

Jama'ar ƙasar Katagum, in kun ga idon 'yar mage ya kumbura, ko ya liƙe, ko ta ƙi shan nono, kada ku jira gobe. Ku kai ta asibitin dabbobi mafi kusa, ku kuma tambayi likita allurar rigakafin murar kyanwa, wadda ake farawa tun suna da mako 6 zuwa 9.