Iyakar Ikon Mai Mulki da 'Yancin Talaka: Misali daga Daura

Tarihin baka na Daura ya ce an yi wani zamani da mutanen gari ba su ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a, domin macijiyar da ke ciki ta hana. Ko labarin ya auku yadda ake faɗa, ko kuwa hikimar magabata ce, yana ɗauke da ma'anar da masana tsarin mulki suka daɗe suna bayani a kanta. Ga ruwa, mutane kuma suna sha, amma sai ranar da aka ga dama aka ƙyale su. Abin da mutum ke samu bisa ga ganin damar wani, alfarma ce. Ba ya zama 'yanci sai an kafa wa mai iko iyakar da ba shi da halin ƙetarewa.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Binciken da M. G. Smith ya wallafa kan sha'anin mulkin Daura cikin 1978 ya nuna sarakunan dā ba su yi mulki su kaɗai ba. Manyan masu sarauta irin su Kaura da Galadima suna da hannu wajen naɗin sarki, Magajiya kuwa tana da ikon tsawata masa. Sai dai wannan iyaka ce tsakanin manya, ba ta isa ga manomin ƙauye ba.

Da Turawa suka maido da gidan sarautar Hausa na asali cikin 1906, suka naɗa Malam Musa, sai aka shiga tsarin En'e. Haraji da 'yan doka da kotun alƙali da gidan yari duk suka taru ƙarƙashin hukuma ɗaya, sarki kuma ya koma duban fuskar Razdan fiye da ta 'yan majalisarsa. Ko da sarki adali ne, talakan da aka zalunta ba shi da wata ƙofa sai ta waɗanda yake kuka da su. Irin wannan kuka ne ya haifi jam'iyyar NEPU a Kano cikin 1950. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙarasa sauran.

Amma ɗauke iko daga fada a kai shi gidan gwamnati bai isa magani ba, gama gwamna ma mutum ne. Saboda haka Tsarin Mulki na 1979, da na 1999 da ya biyo sawunsa, suka ɗora jamhuriya bisa ƙa'idar cewa tsarin mulki yana sama da kowa, duk dokar da ta saɓa masa kuwa ɓatacciya ce. Aka raba iko uku: majalisa ta yi doka, shugaba ya zartar, alƙalai su yi hukunci, domin kada wuƙa da nama su sake haɗuwa a hannu guda. Aka kuma keɓe babi na huɗu domin haƙƙoƙin ɗan ƙasa. Sashe na 35 na tsarin 1999 ya wajabta a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya, muddin akwai kotu a tazarar kilomita 40, ban da masu laifin da hukuncinsa kisa ne. Rubutu ke nan. A aikace kuwa mafi yawan mazauna gidajen yarin Nijeriya jiran shari'a suke yi.

Rayuwar wani ɗan Daura ta bayyana amfanin waɗannan ƙa'idodi fiye da dogon sharhi. Ranar 31 ga Disamba, 1983, sojoji suka kifar da Jamhuriya ta Biyu, Janar Muhammadu Buhari ya zama shugaban ƙasa. Mutane da yawa sun yi murna, domin sun gaji da ɓarnar 'yan siyasa, kuma sun shaide shi da riƙon amana. Gwamnatinsa ta dakatar da sassan tsarin mulki, ta kafa Doka ta 2 ta 1984, wadda ta halatta tsare mutum ba tare da shari'a ba, ta kuma hana kotu tambayar dalili. A ƙarƙashin Doka ta 4 aka ɗaure 'yan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor.

Cikin Agustan 1985 aka hamɓare shi, aka tsare shi fiye da shekara uku ba a kai shi gaban alƙali ba. Garkuwar da za ta kāre shi a ranar ita ce wadda gwamnatinsa ta jingine, Doka ta 2 kuwa ta ci gaba da aiki a hannun waɗanda suka biyo baya, ba a soke ta ba sai 1999.

Da ya dawo ta hanyar ƙuri'a cikin 2015, ya tarar da majalisar da ke iya ƙin buƙatarsa, da kotunan da ke iya yanke hukuncin da bai so ba, ko da yake an zargi gwamnatinsa da ƙin bin umarnin kotu na ba da belin waɗansu tsararru. Iyakar wa'adi dai ta yi aikinta. Tsarin mulki ya hana a zaɓi mutum shugaban ƙasa fiye da sau biyu, saboda haka ranar 29 ga Mayu, 2023, ya miƙa mulki ya koma gidansa na Daura, inda aka binne shi cikin Yulin 2025.