Taswira Biyu, Farauta Ɗaya: Yadda Ake Gano Bilaza

A 1929 masanin taurari na Jamus Cuno Hoffmeister ya lura da wani ɗigon haske da ke ƙaruwa yana raguwa, ya ɗauka tauraro ne. Sai a 1968 aka gano cewa wannan abu, BL Lacertae, yana watso siginar rediyo mai ƙarfi. Ashe cibiyar wani gungun taurari ce mai nisan gaske.

Irinsa ake kira bilaza. A tsakiyarsa akwai ƙaton baƙin rami, wanda nauyinsa ya ninka na rana sau miliyoyi. Yayin da yake haɗiye iskar gas, wani kaso yakan kuɓuce ya feso waje da gudun da ya kusa na haske. Idan feshin ya saito duniyarmu, kamar tocilar da aka dalle wa mutum a ido, an sami bilaza ke nan.

Matsalar ita ce a madubin hangen nesa ba ya da maraba da tauraro. To ta ina za a fara nema?

Dabarar ita ce a ɗora taswira kan taswira. A 1990 aka harba tauraron ɗan adam ROSAT, aikin da Jamus ta jagoranta, ya zagaye sararin samaniya kaf yana neman hasken eksire, irin na ɗaukar hoton ƙashi. Masu ƙarfin haske kaɗai da ya tattara sun haura 18,000. Sai dai ganinsa dishi-dishi ne, ba ya nuna takamaiman wuri, ga kuma taurari da yawa a ciki. A jihar New Mexico ta Amurka kuwa, farantai 27 na cibiyar hangen rediyo ta VLA sun yi safiyon NVSS, suka rubuta wuraren da siginar rediyo ke fitowa kusan miliyan 1.8, kowanne da matsayinsa daidai.

Yawancin taurari ba su da wani ƙarfi a rediyo, haka ma mafi yawan cibiyoyin da ke fitar da eksire. Don haka duk inda taswirorin biyu suka nuna wuri ɗaya, nan masana ke sa ido. Daga nan a karkata babban madubi a rarraba hasken zuwa launukansa. Dangin BL Lacertae kusan ba sa nuna layukan da iskar gas ke bari, domin hasken feshin ya danne su.

Ba haske kaɗai ke kai ga bilaza ba: a ranar 22 ga Satumba 2017 cibiyar IceCube da ke Antatika ta kama wata mitsitsiyar ƙwaya da ake kira nutirino, aka bi sawunta har zuwa wajen bilaza TXS 0506+056.