Kwalekwalen Roba Biyu, Iyali Ɗaya

 

Magidanci ne ya tara kuɗinsa, yana son kwalekwalen roba mai inji, irin wanda ake hura wa iska, don ya riƙa fita shaƙatawa da iyali ranar hutu. Dillali ya nuna masa guda biyu, kowanne tsawonsa wajen mita 4. Na farko roba ne gaba ɗayansa, sai falankin alminiyam da ake jerawa a ciki. In an dawo, a sace iskar, a naɗe shi, a sa a but ɗin mota. Na biyu gefensa ne kaɗai na iska, ƙasansa faiba ce mai tauri, mai tsini, shi ne ake kira RIB. To wanne zai ɗauka?

Kada kowa ya raina na farkon don ana naɗe shi kamar tabarma. A shekarar 1952 wani likita Bafaranshe, Alain Bombard, ya ƙetare tekun Atlantika shi kaɗai a cikin irinsa, ƙirar kamfanin Zodiac, daga tsibiran Kanari zuwa Barbados, cikin kwana 65. Amma kwalekwalen yana da laifinsa: ƙasansa a shimfiɗe yake, da zarar iska ta taso sai ya riƙa marin ruwa, kowane duka sai na ciki sun ji shi a ƙugu, ga feshin ruwa yana jiƙa kowa. Babba zai daure. Yaro ɗan shekara huɗu kuwa kuka zai sa, gobe ko da alewa ba zai yarda ya shiga ba.

Na biyun wahala ce ta haife shi. A shekarun 1960, a makarantar Atlantic College da ke gaɓar Wales a Birtaniya, duwatsun bakin teku sun yi ta yaga ƙasan kwalekwalen ɗalibai masu aikin ceto. Sai suka manna masa katako, daga baya suka yi masa tsini don ya tsaga taguwar ruwa. Shugaban makarantar, Desmond Hoare, ya sayar wa ƙungiyar ceto ta RNLI haƙƙin ƙirar a kan fam ɗaya tak. Wannan tsinin ne ke sa tafiyarsa ta yi laushi a ruwa mai motsi. Sai dai ba ya naɗuwa. Yana buƙatar tirela, da motar da za ta ja ta, da wurin ajiya, da gangaren da za a saukar da shi ruwa. Inda na farko kan wadatu da inji mai ƙarfin doki 15 zuwa 25, shi yakan nemi 30 zuwa 50, kuma man da zai sha daidai da hakan ne.

A ganina ruwan da za ku shiga ne mai yanke hukunci. Wanda yawonsa ba ya wuce tafki mai kwanciya, irin Jabi a Abuja, ya ɗauki mai naɗuwa, ya rage kuɗi don rigunan ceto masu kyau. Wanda zai shiga faffaɗan ruwa kamar Kainji, ko bakin teku, inda iska kan juya ba sallama, ya daure ya sayi mai ƙasan faiba, ko ya haƙura da nisa.

Ga wata tambaya da ya kamata mai saye a ƙasarmu ya yi kafin ta farashi: da wace roba aka yi shi? Akwai PVC, mai araha da rashin nauyi, akwai Hypalon, mai tsada amma mai jure rana. Zafin rana yana gajiyar da PVC da gam ɗinsa, yana kuma ƙara matsin iskar ciki. Kwalekwalen da aka hura tam da sanyin safiya, aka bar shi kan yashi da azahar, yana iya tsagewa a mahaɗa. Mai PVC ya tanadi inuwa da marufi.

A jikin kowanne akwai ɗan allo da ke nuna yawan mutane, da nauyin kaya, da iyakar ƙarfin inji. A lissafa har da jariri, da kular abinci, da jarkar mai.

Saura abin da ya fi damuna. Ranar 5 ga Mayu 2013, kusa da garin Padstow a Ingila, wani RIB mai ƙarfin doki 300 ya watsar da iyali mutum shida a ruwa wajen shan kwana. Babu wanda ke ɗaure da igiyar kashe inji, wannan 'yar jar igiya da matuƙi ke ɗaurawa a cinya don injin ya mutu in ya faɗa. Kwalekwalen ya ci gaba da zagaye a kansu, farfela na juyawa. Uban da 'yarsa mai shekara takwas suka rasu. Don haka, maigida, ko wanne ka zaɓa, kafin ka biya ka sa dillali ya tayar da injin a gabanka, ka fizge igiyar da hannunka, ka ga ya mutu nan take. Rigar ceton kowane yaro kuma a gwada masa ita a jikinsa tun a kanti, a ja ta sama daga kafaɗa. In ta hau har kunnuwansa, ta yi masa yawa, a kawo ƙarama.